Yadda Ake Tsara Yini da Shiga Filin Rawa a Jirgin Queen Mary 2

Jirgin ruwan Queen Mary 2 na kamfanin Cunard yana tashi daga Southampton a kudancin Ingila, ya kwana bakwai a kan Tekun Atlantika kafin ya isa New York, kuma a irin wannan tafiya ba ya yada zango a ko'ina. Wannan ne ya bambanta shi da yawancin jiragen yawon shaƙatawa, waɗanda kusan kowace safiya suke wayar gari a sabuwar tasha, fasinjoji su fita yawon gari su dawo da yamma a gajiye. A nan babu garin da za a fita gani, saboda haka abin da matafiyi ya yi da sa'o'insa a cikin jirgin shi ne tafiyar gaba ɗaya. An ƙera jirgin a Saint-Nazaire ta ƙasar Faransa, ya fara aiki a watan Janairun 2004, tsawonsa mita 345, kuma yana ɗaukar fasinjoji kusan 2,700 tare da ma'aikata fiye da 1,200. Wanda zai shige shi karon farko ya kamata ya san cewa an tsara yinin jirgin ne yana fuskantar dare: lokacin cin abinci, da irin tufafin da ake sawa, da darussan rana, duk suna kai mutum ne zuwa zauren rawa, ko da kuwa kallo kaɗai zai yi.

Shiri yana farawa tun daga gida. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Birtaniya da ta Amurka, kuma ba za a bar shi ya hau ba idan babu ɗaya daga cikinsu. A lokacin sayen tikiti ne ake zaɓen ɗaki, kuma wanda yake tsoron jiri da tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a ɗaya daga cikin benayen ƙasa, domin goshin jirgi da benayen sama su ne suka fi jin motsin igiyar ruwa. A wannan lokacin ne kuma ake sanar da kamfani buƙatar abinci na musamman, kamar na halal ko na mai ciwon sukari, makonni kafin tashi, tunda jirgin da ya bar tasha ba shi da kasuwar da zai aika a sayo. Inshorar lafiya ba abin wasa ba ce, domin akwai asibiti da likita a jirgin amma ana biyan kuɗin ganinsa, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

A ranar shiga za a ba ka kati guda wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarka, shi ne kuma abin biyan kuɗi, domin ba a cinikin hannu da hannu a jirgin. Komai yana tafiya cikin asusun ɗakinka da dalar Amurka. Kafin jirgi ya tashi, dole kowa ya je wurin taruwar gaggawa da aka rubuta a bayan ƙofar ɗakinsa, ya koyi yadda ake ɗaura rigar ceto. An ƙara tsananta wannan doka bayan hatsarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda wasu fasinjojin da suka shiga a ranar ba su riga sun yi atisayen ba. Alamar gaggawa ita ce busar ƙaho gajeru bakwai da doguwa ɗaya. Bayan wannan, ka mayar da wayarka kan tsarin jirgin sama, domin layin da waya ke kamawa a tsakiyar teku na tauraron ɗan'adam ne kuma yana cin kuɗi ba tare da mai shi ya sani ba; wanda yake son intanet sai ya sayi na jirgin.

Abu mafi amfani a cikin ɗakin shi ne takardar shirye-shiryen gobe, wadda mai kula da ɗaki ke ajiyewa kowane dare. A cikinta ake bayyana lokacin kowane darasi da lacca da wasa, da tufafin da ake so a sa da daddare, da kuma ko za a canza agogo. Ka karanta ta kafin ka kwanta, ka ja layi a ƙarƙashin abubuwa uku ko huɗu, ka bar sauran. Sabon matafiyi yakan so ya halarci komai tunda ya biya, sai ya wuni yana sauri tsakanin bene da bene, dare ya yi ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa zuwa wurin da aka fi jin daɗin jirgin. Batun agogo kuwa, tsakanin Ingila da New York akwai tazarar sa'a biyar, saboda haka a tafiyar da ta nufi yamma, wato zuwa New York, ana mayar da agogo baya da sa'a ɗaya a darare biyar, yini ya zama sa'a 25, a tafiyar gabas kuma a rage, ya zama sa'a 23. Mai son rawa ya fi morewa idan ya nufi yamma, domin yana iya kai wa tsakar dare a zaure kuma ya sami barcinsa cikakke.

Wannan canjin agogo ya shafi mai salla kai tsaye. Jadawalin lokutan salla na wani gari ba zai yi aiki ba, sai a koma ga rana kanta, kuma takardar shirye-shirye da talabijin ɗin ɗaki sukan nuna lokacin fitowarta da faɗuwarta da inda jirgi ya dosa. Alƙibla daga Southampton tana kudu maso gabas, daga New York kuma tana arewa maso gabas, wato a tafiyar yamma tana can wajen bayan jirgi, tana karkata a hankali daga wannan gefe zuwa wancan yayin da kwanaki ke wucewa.

Safiya ta motsa jiki ce da karatu. A bene na bakwai akwai farfajiyar katako da ta kewaye jirgin, kuma zagaye uku ya ɗan haura mil ɗaya; a sa rigar sanyi ko da bazara ce, domin iskar arewacin Atlantika ba ta san bazara ba. Akwai ɗakin karatu mai dubban littattafai a wajen goshin jirgi, da zauren Illuminations inda ake lacca. Da tsakar rana ana busa ƙaho, kyaftin ya yi jawabi ta lasifika, ya faɗi inda aka kai da zurfin ruwa da yanayin da ake sa rai. Ka saurari wannan jawabi da kyau, domin daga gare shi za ka san ko filin rawa zai tsaya cik da daddare ko zai riƙa karkata. Idan zuciyarka ta fara tashi, ka fita waje ka kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, ka ci abu mara maiƙo, ka sha shayin citta, kuma maganin jiri ya fi aiki idan an sha shi kafin abin ya kama. Wanke hannu da sabulu kafin kowane cin abinci ya zama ɗabi'a, saboda ciwon amai da gudawa yana saurin yaɗuwa a inda dubban mutane ke taɓa ƙarfen bene ɗaya.

Darasin rawa

Zauren da ake kira Queens Room yana bene na uku wajen bayan jirgi, ya cinye faɗin jirgin daga gefe zuwa gefe, kuma kamfanin yana alfahari da cewa babu zauren rawa mafi girma a kan teku. A mafi yawan ranaku ana yin darasi a nan wajen tsakar rana, kyauta, ƙarƙashin ƙwararrun malamai mace da namiji, kowace rana da irin rawar da za a koyar. Ba a buƙatar mutum ya zo da abokin rawa, kuma ba a buƙatar ya taɓa yi. Shawarata ita ce ka je darasin farko ko da kunya na ja maka riga, domin a ranar ce kowa yake sabo, kowa yake take ƙafar wani, kuma waɗanda kuka yi kuskure tare da rana su ne za ka fi sakewa da su da daddare. Wanda ya jira sai rana ta huɗu zai tarar ajin ya riga ya san juna.

Kada a yi ƙoƙarin koyon raye-raye shida a mako guda. Biyu sun isa: ɗaya mai tafiya, ɗaya ta tsayawa wuri ɗaya. A cikin masu tafiya, wals ta fi sauƙin kamawa. Ta samo asali daga Ostiriya da kudancin Jamus, kiɗanta uku-uku ne, kuma bugun farko ya fi nauyi har kunnen da bai saba ba yana jin sa. Namiji yana taka ƙafar hagu gaba a ɗaya, ya kai ta dama gefe a biyu, ya jawo ta hagu ya haɗa a uku. Sannan ya ja ta dama baya, ta hagu gefe, ya haɗa da ta dama. Mace tana yin kishiyar haka, tana farawa da ƙafar dama zuwa baya. Abin da ke rikita sababbi shi ne mantawa da sauya nauyin jiki a taku na uku, sai su tashi farawa da ƙafar da suke tsaye a kanta. A kula da bambancin wals mai natsuwa da ta Biyana, babban birnin Ostiriya, wadda saurinta ya kusa ninka na farko kuma juyi ne ba tsayawa. Idan ka ji makaɗa sun kama wannan, ka zauna ka yi kallo. Fokstirot, wadda ta fito a Amurka wajen 1914, ita ce ta biyu a sauƙi idan aka bi salon zaure: taku biyu masu jinkiri gaba, sai biyu masu sauri, ɗaya gefe ɗaya haɗewa. Cikin na tsayawa wuri ɗaya kuwa akwai rumba da ca-ca-ca, dukansu daga Kyuba, kuma rumba ta fi ba sabon shiga lokacin tunani.

Riƙon da ake yi iri ɗaya ne a wals da fokstirot. Hannun hagu na namiji yana riƙe da na dama na mace a daidai tsayin idon wanda ya fi gajarta a cikinsu, hannunsa na dama yana kan allon kafaɗarta ta hagu, ita kuma ta ɗora hannun hagu a saman damtsensa. Kowa ya ɗan karkata zuwa hagunsa, yana duban sararin da ke bayan kafaɗar dama ta abokinsa, ta yadda ƙafafu za su shiga tsakanin juna ba su yi karo ba. Kallon ƙafa shi ne babban abin da ke ɓata rawa, domin da zarar kai ya sunkuya, kafaɗu sun faɗi, abokin rawa ya daina jin inda aka nufa. Ja-gora a nan da jiki ake yin sa: namiji ya matsar da ƙirjinsa inda yake son zuwa kafin ƙafa ta bi, ba ya turo mace da hannu ko ya fizgo ta ba.

Takalmi ya cancanci a yi masa tanadi. Filin na katako ne, kuma takalmin roba yana kama shi, sai gwiwa ta juya ƙafa ta ƙi binta, daga nan ake samun targaɗe. Masu rawa na gaske suna zuwa da takalmi mai tafin fata mai laushi a cikin 'yar jaka, su sa shi a zaure su cire kafin su fita. Wanda ba shi da irinsa ya sa takalmin fata mai santsi daidai gwargwado, wanda ya riga ya saba da ƙafarsa. Ga mata, dunduniya mai matsakaicin tsayi da maɗauri ta fi tsini mai tsawo, kuma silifa ba ta da wuri a nan.

Da ƙarfe uku da rabi zauren yana komawa wurin shan shayi, ma'aikata sanye da farar safar hannu suna zagayawa da butoci da kek da 'yan gutsattsarin burodi, makaɗa suna kaɗa abu mai taushi. Wasu ranakun ana haɗa shayin da rawa, kuma wannan ita ce dama mafi kyau ta gwada abin da aka koya, domin filin bai cika ba kuma ba a sa kayan alfarma ba. A yi hattara da kek ɗin idan za a ci abincin dare da wuri.

Dare

A babban ɗakin cin abinci na Britannia, wanda ya ɗauki sunan jirgin farko da Samuel Cunard ya tura daga Liverpool a 1840, an saba da zama biyu, na wajen ƙarfe shida da na wajen takwas da rabi. Mai niyyar rawa ya zaɓi na farko. Zama na biyu yakan kai kusan ƙarfe goma, a fito da ciki cike an riga an yi nisa a zaure. Daga ƙarfe shida na yamma dokar tufafi take fara aiki a yawancin sassan jirgin. A darare na yau da kullum ana son shiga mai tsabta da kamala, a daren alfarma kuma, wanda galibi sau biyu ake yi a tafiyar, maza suna sa baƙar kwat da laƙtaye, mata dogayen riguna, wani lokaci da launin da aka ayyana kamar baƙi da fari, ko abin rufe fuska na ado. 'Yan Sikotland sukan fito da tufafinsu na gargajiya, kuma mai babbar riga da hula ba zai ji kunya a wannan taro ba, sai dai hannun babbar riga yana kama abokin rawa, saboda haka kaftani ya fi dacewa ga wanda zai shiga fili. Wanda ba ya son wannan ɗawainiya yana iya cin abincinsa a Kings Court, inda kowa ke ɗiban abinci da kansa, da kayansa na gida. Ba a yarda da dutsen guga a ɗakuna ba saboda tsoron gobara, amma akwai ɗakunan wanki da guga a benaye, kuma da la'asar ɗin daren alfarma layi yakan yi tsawo.

Filin rawa yana da dokar tafiya. Raye-raye masu tafiya suna zagaya shi saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa, kamar dai yadda motoci ke bin shataletale a Kano ko Yamai, kuma wanda ya bi kishiyar hanya ko ya tsaya cik a gefe zai haddasa karo. Ƙwararru masu dogon taku suna bin layin waje, masu koyo da masu son tsayawa wuri ɗaya suna tsakiya. Wannan ya saɓa wa abin da zuciyar sabon shiga ke faɗa masa, domin yakan ga gefe ya fi sirri, alhali nan ne hanyar masu gudu. Kafin a shiga fili ana jiran sarari, a haɗa ido da namijin da ke tahowa. Idan an yi karo, kowa ya ba da haƙuri ba tare da neman mai laifi ba. Ba a shiga da kofi a hannu, ba a ratsa filin don zuwa ɗaya gefen, kuma ba a tsayar da abokin rawa a tsakiyar waƙa don a koya masa taku, ko da matarka ce, ko ma a ce musamman idan ita ce.

Akwai kuma abin da babu shi a zauren kan tudu, wato ƙasan da ke motsi. Jirgin yana da fikafikai huɗu a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, kuma an gina shi da nauyi da zurfi domin wannan teku musamman, amma duk da haka a daren da iska ta taso za ka ji filin ya zama gangare na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya zama hawa. Maganinsa shi ne a sassauta gwiwa, a rage tsawon taku, a bar yawan juyi da tsayawa kan yatsu, a kuma ɗan jira jirgi ya gama karkatarsa kafin a ɗauki babban taku. Tsofaffin da suka yi shekaru suna wannan hanya sun iya haka har ba a ganin suna yi, kuma rabin sa'a na kallonsu yana koyar da abin da darasin rana bai kai gare shi ba.

Neman rawa a bayyane ake yinsa, mace ko namiji kowa na iya nema, da 'yar gaisuwa da tambaya. Rawa ɗaya ake nufi, in ta ƙare a yi godiya, a tafa wa makaɗa, namiji ya raka mace inda ya same ta. Jirgin yakan ɗauki wasu mutane, yawancinsu dattawa, waɗanda aikinsu shi ne yin rawa da fasinjojin da suka zo su kaɗai. Ana gane su da bajen suna a ƙirji. Ƙa'idarsu ita ce su zagaya kowa ba tare da fifita wata ba, kuma an hana su wata hulɗa da ta wuce filin rawa, saboda haka kada a riƙe ɗaya har waƙa uku, kada kuma a ji haushi idan ya wuce zuwa tebur na gaba. Mai son a neme ta ta zauna a teburan da ke bakin fili. Wadda ta zauna can baya an ɗauka kallo ta zo yi.

Wannan tsari ya sauƙaƙa wa wanda addininsa ko tarbiyyarsa ba su ba shi damar riƙe hannun baƙuwa ko baƙo ba. Ƙin amsa gayyata ba laifi ba ne, godiya da murmushi sun wadatar, ba sai an kawo dalili ba. Ladabi ɗaya ne a ciki: wanda ya ce wa wani ya gaji, kada ya tashi da wani dabam a wannan waƙar. Ma'aurata da yawa ba sa rawa sai da juna tun daga Southampton har New York, kuma babu mai ganin laifinsu. Akwai kuma rawar sahu da ake koyarwa da rana, inda kowa ke tsaye shi kaɗai a layi ana taku iri ɗaya babu taɓa juna. Ana sayar da giya a zauren kamar sauran wuraren zama na jirgin, amma mai neman lemo ko ruwa ba ya jan hankalin kowa, kuma masu rawa sosai ruwan suka fi sha. Idan ƙungiyar makaɗa ta tashi, masu sauran ƙarfi suna wucewa G32, ɗakin kiɗan zamani da ke bayan zauren, wanda aka raɗa wa lambar da masu ƙera jirgin suka ba shi a Faransa.

A daren ƙarshe ana fitar da manyan akwatuna bakin ƙofar ɗaki kafin a kwanta, ma'aikata su kwashe su, ba za a sake ganinsu ba sai a tashar Brooklyn da ke New York. Tunda ana rawa a wannan daren ma, ka ware takalmin rawa da kayan da za ka sa da safe da fasfo da magunguna a ƙaramar jaka kafin ka rufe akwati. Ka duba asusun ɗakinka tun da rana, domin ana ƙara kuɗin hidimar ma'aikata a kowace rana kai tsaye, kuma gyara kuskure a teburin karɓar baƙi ya fi sauƙi kafin layin safiya. Jirgin yana bi ta ƙarƙashin gadar Verrazzano da ke mashigar New York tun kafin gari ya waye, da tazarar 'yan mitoci kaɗan tsakanin bututun hayaƙinsa da gadar, saboda haka mai son ganin wannan ya duba lokacin a takardar shirye-shirye, ya bar zaure da wuri.